Rasuwar Mai Hanci, Wadda Tsafta Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ba ta ga dalilin ɓoyewa ba, Malama Damaris Nelson ta unguwar Romi, mai gwajin ruwa, tana sanar da rasuwar na'urarta, Mai Hanci, ranar Talata da hantsi, tana da wata goma sha ɗaya a duniya.

Marigayiyar ba ta fi akwatin ashana ba. A cikinta akwai girafin, wani faifan gawayi da ya fi ɓawon albasa siranta, a kansa kuma ƙwayoyin yis masu rai, dangin na burodi. In guba ta taɓa su sai su firgita, girafin ya ji, ita kuma ta yi kukanta: ƙii, ƙii. Ba ta taɓa karɓar na goro ba, abincinta ɗigon ruwan sukari ne. Sau tara ana ɗiga mata ruwan rijiyar bayan makarantar firamare, inda yara ke sha, sau tara tana kuka.

Da ƙyar Damaris ta samu wani babba ya yarda zai zo ya ji kukan da kunnensa, ko a rufe rijiyar a haƙa burtsatse. Kwamitin tarbar baƙi ya karɓi marigayiyar don a ɗaura mata ƙyallen ado. Shugabansu, Baba Tagwai, wanda ya ƙware a jera kujeru, ya leƙa cikinta ya ga yauƙi. A ganinsa abin kunya ne a nuna wa babban mutum ƙazanta. Ya sa aka wanke ta tas da bilic mai kashe ƙwayoyi, aka fesa mata turare.

Baƙo ya iso, aka ɗiga ruwa, Mai Hanci ba ta ce uffan ba. Aka tafa. Baƙon ya yaba da lafiyar rijiyar, ya kurɓi ruwan robar da ya zo da shi, ya shiga mota. Damaris ta yi bayani har muryarta ta dushe, amma an riga an kunna kiɗa.

Mai Hanci ta rasu ta bar caja ɗaya, da rabin kwalbar sukari, da yara ɗari biyu da har yanzu suke layi da kofunansu.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan sujada, a bakin rijiyar. Masu makoki su zo da ruwan shansu daga gida. 'Yan kwamiti kuwa kada su wahalar da kansu, an keɓe musu kujerun gaba, kuma Damaris da hannunta za ta jawo musu guga.