Ƙyauren da Na Buga Ana Gobe Suna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na mai da kaina kafinta ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran abubuwan da na sani. Ana gobe sunan ɗanmu na biyu ne, a shekarar da ruwa ya shigo unguwarmu a Haɗeja ya yi kwana da kwanaki a tsakar gida kafin ya janye.

A gefen ɗakinmu akwai ɗan shingen katako inda muke ajiye dabbobi. Da ruwa ya tafi, shingen na nan tsaye kamar ba abin da ya same shi, ƙyauren ne kawai ya ɓalle ya kwanta. Na jingine shi a bango na ce sai na samu lokaci. Lokacin bai samu ba sai da na sayo ragon suna, wani ƙato mai murɗaɗɗen ƙaho, wanda tun a kasuwa na lura jininmu bai haɗu ba. Na kafa masa turke, ya tumɓuke shi, don ƙasar har lokacin da danshi. In ba ƙyaure, ragon nan ficewa zai yi, in kuwa ya fice ban san da wace fuska zan tari mutanen da na gayyata ba.

Maiɗakina tana ɗaki tana jego, ta ɗaga murya ta ce, "Malam, ka kira kafinta mana. Baba fa yau zai iso."

To ai wannan maganar ce ta hana ni kiran kafinta. Surukina mutumin Guri ne, masassaƙin kwale-kwale, wanda in ya kalli itace sai ya faɗa maka shekarun da zai yi a ruwa. Ni kuwa malamin firamare ne, abin da hannuna ya saba riƙewa alli ne da jan biro. Bai taɓa faɗa mini magana marar daɗi ba, Allah ya sani, amma kullum gani nake kamar yana satar kallon tafin hannuna yana tausaya wa 'yarsa. Na ƙudurta a raina cewa wannan karon zai zo ya ga aikin hannuna.

Na ce mata, "Ƙusa huɗu ce fa kawai. Kafin ya iso na gama har na yi wanka."

Na aro guduma a maƙwabta, na yanko tsohuwar taya gida biyu, wadda ake bugawa a jikin ƙyaure da dirka don ya riƙa juyawa. Na tuɓe riga da hula, na rage daga ni sai singileti da wani gajeren wando da na daina sawa tun ina ɗalibi (dalilin daina sawar yana ta baya, kuma ba ƙarami ba ne). Sai na shiga cikin shingen, don in tare ragon kada ya fita, na jawo ƙyauren na tsayar.

Da na fara bugun ɓangaren dama, ƙyauren ya riƙa karkacewa. Sai dabara ta zo mini. Na ce bari in kama ɓangaren hagu da ƙusa na wucin gadi, in na gama dama sai in cire. Na ɗauko ƙusoshi masu inci shida na buga guda uku, har na lanƙwashe bakinsu don kada su zame, ina yaba wa kaina. Na koma dama, ina bugun ƙusa ta ƙarshe da dukkan ƙarfina, sai kan gudumar ya fice daga ƙota ya tsallake shinge ya faɗa can tsakar gida.

Na tura ƙyaure, ko motsi. Na ja, haka. Sai a lokacin na gane na buge kaina a ciki, dama da hagu, ni da ragon da ba ya ƙaunata, ga guntun itace a hannuna.

Ina cikin tunanin mafita na ji sallama a zaure. Muryar Baba ce.

Wanda ya san kunyar suruki ya san halin da na shiga. Shekara biyar da aure, mutumin nan bai taɓa ganin kaina ba hula ba. Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Na durƙusa a bayan katako na yi tsit, da niyyar in ya shiga ɗaki gaida mai jego in san yadda zan yi. Ashe durƙuson nan ragon yake jira. Ya ja da baya, ya auna daidai inda wandon ya yage, ya tunkuye ni.

Ban yi ihu ba, wannan kam ina alfahari da shi har yau. Tsalle na yi na kama saman shinge zan haura. Abin da ban sani ba shi ne, dirkokin da nake gani tsaye lafiya, ruwa ya riga ya cinye gindinsu a cikin ƙasa. Shingen ya yi wata ƙara, ya kwanta gaba ɗayansa, ni ma na bi shi rub da ciki, har gaban takalmin surukina. Rago ya bi ta gadon bayana ya nufi zaure.

Baba bai ko ɗaga ido ba. Ƙafa kawai ya sa ya take igiyar ragon, ga ƙullin busasshen kifi a hannunsa. Ya mai da fuskarsa wajen bango, kamar akwai abin karantawa a jiki, ya ce, "Malam, mun same ku lafiya? Barka da arziki."

Ina kwance na ce, "Lafiya lau, Baba. Sannu da hanya. Ya mutanen gida?" Muka yi gaisuwar nan kaf, ba mu tsallake ko gajiya ba. Ina jin maiɗakina a ɗaki tana toshe baki da zane, dariya na neman shaƙe ta.

Da na sa riga na dawo, na tarar da Baba a gaban ƙyauren, wanda shi kaɗai ya rage a tsaye tsakanin dirkokinsa biyu, ba shinge dama, ba shinge hagu. Ya girgiza shi, bai motsa ba. Ya ce, "Wa ya buga wannan?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "Hannunka da ƙarfi. Da kwale-kwale ne, ruwa ba zai shige shi ba. Sai dai ƙyaure ana so ya buɗe." Sannan ya ɗago wata dirka ya luma babban yatsa a gindinta, ya nutse kamar a tuwo. "Ba laifinka ba ne. Ni ma nawa haka ya yi mini bana. In ruwa ya kwana a gida, ƙasa ake fara dubawa."

Wallahi wannan "ni ma nawa" ta fi mini komai. Ya naɗe hannun riga, muka samo sabbin dirkoki, ya nuna mini yadda ake babbake gindinsu a shafa baƙin mai kafin a binne. Shi yana bugu, ni ina miƙa ƙusa. Kafin la'asar rago ya koma ciki, washegari aka yanka shi, kuma ba zan ɓoye ba, na ci namansa da wata irin gamsuwa.

Tun daga ranar, duk gyaran da zan yi sai na fara tona gindin dirka, kuma ba na ɗaga guduma sai na tabbatar ina waje. Baba bai taɓa ba kowa labarin nan ba. Sai dai duk lokacin da ya zo gidanmu, kafin ya zauna, sai ya je ya buɗe ƙyauren nan ya rufe, ya ce, "Alhamdu lillahi, har yanzu yana buɗewa."