Tulun Inabi Ɗaya Ya Rage a Lokuwa

Lokuwa, Mubi,
Afrilu, 1962.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba da dattawan Kwamitin Lasisin Abin Sha. Allah ya ja zamaninku, ya ƙara muku tsawon rai, domin irin aikin da kuke yi, mai gajeren rai ba zai ga ƙarshensa ba.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga iyayenta, da tambayar gajiyar zama, ina neman izini in gabatar da kaina. Sunana Dibora, matar Tizhe, wanda ya kawo muku takardar neman lasisin sayar da ruwan inabi tun damina ba ta ɗauke ba. Na zaɓi in rubuto ta jarida ne saboda na ji an ce takardar da ta shiga ofishinku takan samu hutawa sosai, ni kuwa ba na so in tayar da masu barci.

Ga asalin maganar, ranku ya daɗe. Mijina kuku ne. Ya yi wa wani Bature girki lokacin ƙuri'ar raba gardama, kuma a teburinsa ya fara ganin ruwan inabi. Da aka gama ƙuri'a Baturen ya koma Kaduna, ya ce Tizhe ya biyo shi. Ni na hana. Ni mai karatu ce. Duk ranar kasuwa ina sayen ƙananan littattafan soyayya a bakin tasha, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya rasa wani irin ɗaki mai tebura da farin ƙyalle, inda ake kunna kyandir ba don kananzir ya ƙare ba. A can saurayi yake ɗaga kofin gilashi mai doguwar ƙafa, ya dubi budurwa, ya faɗa mata magana mai tsawon shafi guda. Na duba Mubi daga mayo, wato kogin garin, har gindin dutse, ban ga irin wannan ɗaki ba. Na ce wa Tizhe to a ina mutanen garin nan za su faɗi irin wannan magana, a gidan burkutu, a kan kututture? Ya ga gaskiyata. Ya tafi Garwa ya dawo da manyan tulunan gilashi masu rigar kwando, muka jera su suka cika bango guda. Na raɗa wa wurin suna Inuwar Masoya.

Amma ya kafa mini sharaɗi, kuma saboda wannan sharaɗin nake damunku. Ya ce in inabin ya ƙare ba a buɗe wurin ba, zai ɗaure wuƙaƙensa ya tafi Kaduna, ni kuma a kai ni Digil wurin uwarsa in yi noman gyaɗa. Na yi dariya a lokacin. Ta yaya abin da ba a fara sayarwa ba zai ƙare? Ban san kwamitinku ba tukuna.

Ga ƙorafe-ƙorafena, cikin ladabi.

Na ɗaya. Kun umarci a manna sanarwa a ƙofarmu, kuka kuma sa mai shela ya zaga gari yana cewa akwai ruwan inabi a gidan Tizhe, duk mai ƙorafi ya zo ya duba da idonsa. Ina yi muku godiya. Ko mu da kanmu ba mu yi tunanin irin wannan talla ba. Washegari da safe na buɗe ƙofa na tarar da layi har bakin rijiya, kowa da ƙoƙonsa a hammata.

Na biyu. Wataƙila dattawan kwamiti, da yake wasunku liman ya hana su wasu kuma fasto ya hana su, ba ku san al'adar masu shan abin sha a garin nan ba. Ba a sayen burkutu sai an ɗanɗana. Mai tukunya za ta zuba maka ɗan kaɗan a ƙoƙo kyauta, ka kurɓa, ka dubi sama, sannan ka ce a zuba ko a bari. Wanda ya hana ɗanɗano, an san ya sa wani abu a tukunyarsa, kuma har jikokinsa za a riƙa nunawa da baki. To, mutanen nan sun ce su masu bin doka ne. Hukuma ta ce su zo su ga ko suna da ƙorafi, kuma mutum ba ya ƙorafi a kan abin da bai sa a bakinsa ba.

Shugabansu wani tsoho ne, Baba Ishiyaku, wanda ya yi gadin asibitin dabbobi. Tun ranar farko bai yi fashi ba. Yakan kurɓa, ya dubi sama, ya girgiza kai ya ce, "Amarya, ban yanke ba tukuna. Sai gobe." Da na yi masa magana, cikin girmamawa, cewa watanni sun shuɗe, sai ya ce da ni, "'Yata, ƙuri'ar farko da aka yi mana, aka tambaye mu ina za mu, me muka ce? Muka ce a bari sai gaba. Turawa suka yi fushi? Suka sake kawo mana wata. To ƙasa ma ke nan, balle inabi." Ranku ya daɗe, me yarinya za ta ce wa tsohon da tarihi yake bayansa?

Yanzu masu binciken suna zuwa har daga Duvu. Wani ya zo daga Sorau da jakinsa, ya ce yana da ƙorafin da ya gada daga mahaifinsa, ya zo ya gwada ko ya dace da wannan wuri.

Na uku, kuma wannan ya fi ci mini rai. Al'adar tana da kashi na biyu. Kafin baƙo ya kurɓa, mai abin shan ne yake fara kurɓa a gabansa, don a tabbatar babu mugunta a ciki. Ga mai tukunya ɗaya da baƙi goma, wannan ba komai ba ne. Ga mutumin da hukuma ta gayyato masa lardi guda, wannan aiki ne. Mijina, wanda kafin wannan ko burkutun biki ba ya gamawa, yanzu kafin rana ta take tsaka ya riga ya tabbatar wa mutum arba'in cewa shi ba mugu ba ne. Ko a wane littafi kuka taɓa jin mai gidan giya da ya bugu kullum bai sayar da ko ɗigo ba?

Ba zan ɓoye muku ba, ranar Talatar da ta wuce ya faɗi irin maganar da na shekara ina jira. Ya ɗaga kofi, idonsa ya cika da hawaye, ya ce tun da ya gan ta zuciyarsa ba ta sake zama wuri ɗaya ba, ita ce ta riƙe masa rufin rayuwarsa. Magana ce mai kyau, ta kusa kai shafi guda. Sai dai turken rumfa yake kallo. Ina tsaye a bayansa da tire.

Na huɗu. Na kai kuka wurin ma'aikacinku, Malam Harun, wanda yake zuwa duba mu. Mutumin kirki ne. Ba ya shigowa, daga bakin zaure yake tsayawa ya toshe hanci da bakin rawaninsa, ya yi bincikensa daga nan. Na roƙe shi ya hana ɗanɗanon. Ya ce doka ta hana sayarwa ne, ba ta ce komai a kan bayarwa ba, kuma kyauta aikin lada ce. Amma ya gargaɗe mu cewa in ya ji an karɓi ko anini, kotu. Saboda haka da wani bawan Allah daga Duvu ya ji kunya ya ɗaure mana kaza a bakin ƙofa ya tafi, Tizhe ya bi shi da ita a guje har tsallaken mayo, yana tangaɗi, kaza tana kuka, yana roƙonsa don Allah ya karɓi abarsa kada ya ja mana ɗauri. Mutanen da ke wanki a bakin ruwa sun ɗauka ɓarawo ne mai tuba.

Na tambayi Malam Harun abin da ya tsayar da lasisin. Ya ce takardarku gida biyu gare ta, gidan giyar tulu da gidan giyar kwalba. Namu kuwa tulu ne amma na kwalba, kuma yana sanye da kwando. An naɗa ƙaramin kwamiti ya duba. Ƙaramin kwamitin ya ba da shawara a tuɓe wa tulun kwandonsa a gani, amma wani dattijo ya ce bai dace a yi haka a gaban jama'a ba. Ina jinjina wa kunyarsa.

Na biyar. Ina so ku zo ku ga abin da Inuwar Masoya ta zama. Fararen ƙyallayen da na yi wa ado da hannuna, an ce sun yi kyau da yawa a ɓata, an naɗe su an yi gammo. Ba mai hawa kujera, sun ce tana sa jiri, sai su zauna a ƙasa su jingina da ƙafar tebur. Kofunan gilashi kuwa Baba Ishiyaku ya ce abin da ke tsaye da ƙafa ɗaya bai kamata a amince masa ba. Kyandir ɗina an kunna taba da shi. Masoyi ko ɗaya bai shigo ba. Hirar da ake yi ita ce ta ciwon kofaton shanu.

Maƙwabciyarmu Mama Salome, mai burkutun da duk Lokuwa ke alfahari da shi, ta shigo da faɗa cewa mun kwashe mata mutane, tukunyarta tana kwana. Aka zuba mata ɗanɗano. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta dube ni da tausayi ta ce, "Ɗiyata, an cuce ku, wannan bai dahu ba. Kawo shi in mayar miki a wuta." Da ƙyar na ƙwace tulun daga hannunta. Ita ma tun daga ranar ba ta yanke ba tukuna.

Ranku ya daɗe, bangon nan da ya cika da tuluna, yau saura ɗaya. A kansa nake zaune nake rubuta wannan takarda. Na ɗora faifai a bakinsa na zauna tun shekaranjiya, domin duk rashin ta-idon masu bincike, babu wanda zai ce wa matar aure ta tashi. Suna nan a tsakar gida da ƙoƙunansu, suna jira, suna tambayata ko ƙafata ba ta yi sanyi ba. Tizhe ya wasa wuƙaƙensa ya naɗe su a tsumma. Surukata ta aiko daga Digil cewa ta sa an yi mini sabuwar ƙotar fartanya daidai tsawona. A Digil babu tasha, babu mai littattafai, kuma na ji an ce takarda in ta shiga gidan, ƙunshin daddawa ake yi da ita.

A zaman nan ne na sake karanta sanarwarku da ke manne a ƙofa, har ƙananan rubutun ƙasa da ba mai kulawa da su. Ta ce idan wani ya kawo ƙorafi a rubuce, kwamiti zai aiko a toshe kayan da jan hatimi, kada kowa ya taɓa, kuma mai neman lasisi ba zai bar gari ba sai an saurari ƙarar. Duk masu binciken nan babu wanda ya taɓa rubuto muku, kuma na fahimci dalilinsu.

Saboda haka ni, Dibora, ina ƙorafi a rubuce a kan Inuwar Masoya.

Doka ta ce mai ƙorafi ya zama maƙwabci. Babu wanda ya fi ni kusa, ɗaki ɗaya muke kwana da mai wurin. Doka ta ce a kawo dalili. Dalilina shi ne mai wurin yana sha fiye da kima, yana tara jama'a, yana bin mutane da kaza, kuma yana yi wa turke kalaman da hakkin wata ne. Ina da shaidu, suna tsakar gida. Ban ɗanɗana kayan ba, domin a duk watannin nan babu wanda ya tuna ya miƙo mini, amma na ga kamar ku ma ba ku ɗanɗana ba, kuma hakan bai hana ku zama a kansa ba.

Ina roƙo a turo Malam Harun da hatimin gobe da sassafe. Wannan kaɗai nake so a gaggauta, kuma na san abin da nake nema babba ne. Ya zo da kakin hatimi da yawa, bakin tulun yana da faɗi. Idan mijina ya tambayi wanda ya kai ƙararsa, a ce masa wata baiwar Allah ce. Ni nake karanta masa jarida, na san shafin da zan tsallake.

Game da ranar sauraron ƙara kuwa, ina durƙusawa a gabanku, kada ku canza halinku saboda ni. Ku naɗa ƙaramin kwamiti. Ku bar shi ya haifi nasa. In takardar ta ɓace, kada a wahalar da masinja wajen nema. Littattafaina duk sun yarda cewa inabi yana ƙara daɗi ne in ya tsufa, miji kuma yana warkewa in ya huta, ni kuwa ban cika ashirin ba. Duk garin nan babu inda na sani da za a ajiye abu ya tsufa lafiya kamar hannunku.

Taku mai biyayya, wadda za ta miƙe ta gaishe ku da zarar hatimi ya iso,

Dibora Tizhe,
Uwar ɗakin Inuwar Masoya, kuma mai ƙara a kanta.