Matsayin Yallaɓai Sofronie a Mulkin Allah

Duk wanda ya ce ƙauyenmu na Runcu bai taɓa fitar da babban mutum ba, to bai san Yallaɓai Sofronie Bucur ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana shugaban tashar jirgin ƙasa, tashar da jirgi biyu ke tsayawa a rana, ɗayan ma sai in direba ya tuna. Da ya yi ritaya bai bar mu cikin maraici ba. Ya karɓi shugabancin kwamitin coci, ya riƙe shekara sha tara ba tare da kowa ya wahala wajen roƙonsa ba. Kujerarsa tana can gaba, da sunansa a jikin farantin tagulla. In zai yi alamar gicciye, sai na kusa da shi ya kauce, don kada a tsone masa ido. A bayan idonsa muna kiransa Wakilin Sama. Labarin ya kai masa, ya kuma ce sunan ya dace.

Abin da ya fi kowa sani shi ne Mulkin Allah. Wasu karantawa suka yi, shi kuwa kamar ya je ya zaga ya dawo. Kowace Lahadi bayan sujada yakan tsaya a harabar coci, ya soka babban yatsa a aljihun falmaran, ya raba mana ilimi kyauta.

"Jama'a, Mulkin Allah wuri ne mai tsari. Yana can sama, bayan mutuwa. Akwai ƙofa, akwai mai duba takardu. Akwai na gaba, akwai na baya, akwai waɗanda za su yi tafiyar a tsaye. Ni ban ce ina gaba ba. Amma wanda ya sayi ƙararrawar cocin nan ai ba za a ajiye shi kusa da Danciu mai gyaran tukwane ba."

Danciu yana wurin. Ya cire hula ya ce, "Allah ya sa, Yallaɓai. Ni ma ina son in huta."

Ana haka tsohon fadan cocinmu ya rasu, aka turo mana Fada Ilarion, matashi siriri mai gemu kamar na aro, da takalmi duk taɓo. A wa'azinsa na uku ya ce mun daɗe muna ɗaga kai sama har wuyanmu ya ƙage. Ya ce Almasihu bai kwatanta Mulkin da fada mai gadi ba, da ƙananan abubuwa ya kwatanta shi, irin yistin da mace ke sawa a ƙullu. Ya ce Mulkin ya riga ya fara, a nan, a tsakaninmu, duk inda aka ciyar da wanda ba shi da mai dafa masa.

Yallaɓai ya yi tari sau uku. Duk Runcu mun san ma'anar tari na uku, amma Fada baƙo ne, ya ci gaba.

A haraba Yallaɓai ya tare shi. "Fada, da girman rigarka, a tsakanin wa? Tsakaninmu da Goggo Floarea, wadda ke sayar da ƙwai ran Lahadi? Da Costica, da ko a jana'iza warin barasa yake? Shekara sha tara ina hidima don in isa wani wuri, yau ka ce mini ina ciki tun tuni, kuma tare da waɗannan?"

"Tare da su, Yallaɓai," in ji Fada. "Ran Alhamis za mu fara dafa miyar wake a zauren coci. Ko za ka ara mana babbar tukunyar kwamiti?"

Tukunyar ta bikin waliyyin coci ce, sau ɗaya take fitowa a shekara. Yallaɓai ya sa mata kwaɗo, ya rataya makullin a wuya. Danciu ya kawo wata tsohuwar tukunya da ya liƙe gindinta, aka ɗora. Rabin gidajen Runcu tsofaffi ne kawai a ciki, 'ya'ya sun tafi ƙwadago Italiya da Sifaniya. Alhamis ta farko mutum tara suka zo. Ta huɗu, arba'in da biyu. Goggo Floarea ke tuƙa tuwon masara, Costica ke faskare, kuma an lura sai bayan azahar yake fara tangaɗi, abin da ba a taɓa gani ba tun mutuwar matarsa.

Yallaɓai bai zauna ba. Ya rubuta wa Bishof takarda mai shafi bakwai, ya karanta mana ita a shagon aski kafin ya aika. A ciki ya bayyana cewa an sauko da Mulkin Allah daga sama an zuba shi a tukunyar wake, ba tare da an tuntuɓi kwamiti ba. Amsa ta zo bayan mako uku, layi biyu: Bishof ya gode, yana kuma tambaya ko ana bukatar ƙarin wake. Yallaɓai ya ce wannan salon manya ne, sai wanda ya yi aikin gwamnati zai gane zafin da ke ciki.

Farkon Disamba uwargidansa Aurica ta tafi Torino ta Italiya, 'yarsu ta haihu. Kwana huɗu da tafiyarta, Yallaɓai ya fito zai je ya ƙirga mutanen da ke shiga zauren, domin takarda ta biyu. Santsin ƙanƙara ya kwashe shi a bakin ƙofarsa. Ƙafa ta karye wuri biyu. Likita ya ɗaure, ya ce mako shida ba takawa.

Mutumin da bai taɓa sanin inda ake ajiye gishiri a gidansa ba, ga shi kwance, murhu a mace. Ranar farko ya ci busasshen burodi, ya jira 'yan kwamiti. Rana ta biyu ya sake jira. Sun aiko da gaisuwa ta waya, suna masa addu'a ƙwarai.

Rana ta uku aka ƙwanƙwasa. Costica ne da itace a kafaɗa, Danciu da tukunya, Goggo Floarea da tuwo a naɗe cikin tawul. Suka hura wuta, suka share ɗaki, Danciu ya ɗauki fon fitsari ya fita da shi. Washegari suka dawo. Haka kullum, mako biyar.

Da ni malamin makarantar ƙauye na je duba shi, na tarar ya yi ƙiba. Ya jingina da matasai uku, cokali a hannu.

"Ka gani ko?" ya ce mini. "Talaka ya san manya, ko an ruɗe shi. Kafin a zuba wa kowa a ƙauyen nan, ni ake fara kawo wa. Yaron nan Fada ya gane kurensa, kunya ce ta hana shi faɗa." Ya ɗaga murya. "Floarea! Zo ki gaya wa malamin makaranta. Wa ya ba da umarni a fara da gidana?"

Goggo Floarea ta leƙo daga kicin, hannu duk gari.

"Fada ne, Yallaɓai."

"Ka ji! Me ya ce? Faɗi yadda ya faɗa, kada ki rage."

"Cewa ya yi a fara da wanda ba shi da kowa. Muka zauna muka lissafa ƙauyen gida-gida. Ni ina da ƙanwata, Danciu yana da jikoki, Costica ma ko ba komai yana da mu." Ta goge hannu a zani. "Wallahi ba a yi gardama ba, Yallaɓai. Kai ka zo na ɗaya. Sha miyarka kafin ta huce."