Allon Malam Ɗanbaba

Ba zan taɓa mantawa da ranar baje kolin ƙungiyarmu ta tarihin Zongo ba, ko da na so in manta mutanen Lome ba za su bar ni ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma babban abin haushin shi ne na rasa wanda zan huce a kansa. Duk wanda na ɗauko zan ɗora wa laifi, sai maganar ta zagayo ta dawo kaina.

Ƙungiyar tamu ba wata babba ba ce. Mu kaɗan ne, muna taruwa a rumfar shugabanmu Alhaji Seidu, wani Bazabarme dillalin shanu. Aikinmu shi ne bi gida-gida muna ɗaukar muryar tsofaffi kan yadda tsohon Zongo yake kafin a tashe shi daga tsakiyar gari, muna kuma roƙon aron tsofaffin hotuna da akwatunan ƙarfe da duk wani tarkace da kakanni suka bari. Ni ne sakatare (ni na naɗa kaina, in za a faɗi gaskiya, saboda ina koyar da tarihi a koleji kuma ina ganin sauran duk 'yan rakiya ne). Ni kuma na kafa mana doka da bakina: duk abin da aka ba mu aro, sai an ɗauki hotonsa kafin kowa ya taɓa.

Mai ɗaukar hoton shi ne Razak, mai shagon gyaran waya a unguwar Adidogome, kuma jininmu bai haɗu ba. Ni zan sha rana in yi ta durƙusa wa tsofaffi har in samo kaya, shi kuwa ya danna waya sau ɗaya ya watsa a WhatsApp, sai ka ji ana ta "Razak ya yi ƙoƙari, Allah ya yi wa Razak albarka." Wannan abu ya daɗe yana ci min rai.

To, sai na samo abin da ya fi komai. Akwai wata tsohuwa, Hajiya Azumi, wadda mahaifinta Malam Ɗanbaba ya koyar da Alƙur'ani a tsohon Zongo. Littattafansa duk sun salwanta wajen tashin unguwa da ruwan sama. Abin da ya rage kawai shi ne allonsa, da rubutun da ya yi na ƙarshe kafin ya kwanta ciwon ajali. Yana naɗe cikin koren zani a ƙasan akwatinta, ko jikokinta ba ta bari su gani. Na yi ta sintiri gidanta har 'yan zemijan, masu acaɓan garinmu, suka daina tambayata ina za ni. Ranar da ta yarda, da hannu biyu ta miƙo min.

"Prof, wannan ba katako ba ne, hannun babana ne," in ji ta. "Amana na ba ka."

Na bugi ƙirji na ce ko ƙuda ba zai sauka a kai ba.

Da Razak ya ji labari sai ga shi da wayarsa. "Prof, kawo in yi masa foto mana. Doka ce ai."

"Ba za ka gan shi ba sai ranar taro, kamar kowa."

"Amma Prof, kai ka kafa dokar nan fa."

"Ni na kafa, ni kuma na ɗage. Je ka gyara wayoyin mutane."

Na ji daɗin wannan magana sosai, har na maimaita wa matata.

Don kada yarana su taɓa, sai na kai allon ɗakin mahaifiyata, Mma, na ɗora a kan kabad ɗinta ban ce mata komai ba. A ganina sirri ba ya son baki biyu. Ga wanda bai san Mma ba, tsohuwa ce mai raunin ido, kuma a wurinta babu matsalar da rubutun sha ba ya magani, daga ciwon kai har taurin kai. Ashe tun da ta ji manyan mutane za su zo taron, ta aika wa malaminta ya yi min rubutu na kwarjini da sanyin zuciya, tana nan tana jiran a kawo allo. Ni ban sani ba.

Da safiyar taro ina ta faɗa da kowa a gida, guga bai yi ba, hula ta ɓata, sai Mma ta tare ni a ƙofa da kofi.

"Ungo, shanye. Na kwarjini ne."

"Mma, sauri nake yi."

"Ka sha kafin ranka ya ɓaci."

Na karɓa na kafa kai. Akwai zuma a ciki, amma can ƙasa wani ɗanɗano ne na ƙura da tsohon hayaƙi. Na share baki na ce, "Kai, na yau ya fi na kullum ƙarfi." Ta ce ai malamin ba ya wasa. Na shiga na sunkuci allo a naɗe. Na ji zanin da ɗan danshi, sai na tsine wa iskar teku na hau zemijan.

Taro ya yi taro. An kafa rumfuna a filin wata Islamiyya, ga limamai, ga 'yan kasuwa, ga waɗanda suka taso tun daga Totsi da Bagida. Hajiya Azumi tana kujerar gaba cikin farin mayafi. Na riƙe makirufo na yi jawabi da Hausa, na sake yin sa da Faransanci don kada wani ya tsira. Na ce al'ummar da ba ta riƙe amanar kakanninta ta mutu. Na ce yau za su ga abin da wasu masu yawo da waya ba su isa su samo ba. Sannan na ɗaga allo sama na yaye zanin.

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka kwarjini ne ya kama su, har na ƙara ɗaga hannu. Sai na ga Alhaji Seidu yana min alama da ido. Na juyo da allon na duba. Fes yake. Ko ɗigon tawada babu, sai ƙyallin tsohon katako.

Jama'a, jinina ya hau. Ban tsaya tunani ba, na nuna Razak da makirufo.

"Kai ne! Munafuki, ɗan hassada! Don na hana ka foto shi ne ka bi ka musanya min allo?"

"Prof, wallahi ko ganinsa ban taɓa yi ba."

"Rufe min baki! Na san ka, na san irinku!"

Alhaji Seidu ya ce, "Prof, a yi haƙuri, a bincika tukuna." Ina! Na riga na hau. Na ce a kawo Alƙur'ani Razak ya dafa. Na ce wanda ya yi wannan aiki maƙiyin Zongo ne, bai cancanci a yi masa sallama ba. Na ɗaga hannu sama na ce duk wanda ya ci amanar tsohuwar nan, Allah ya tona masa asiri a gaban jama'a, Allah ya sa abin ya tsaya masa a ciki. Mutane suka amsa da amin mai ƙarfi, har da limamai.

Daga ɓangaren mata sai na ji wata murya da na sani tun ina cikin zanin goyo.

"Wai allon da ke kan kabad ɗina ake wa wannan ihu? Mai koren zani?"

Na ce, "Mma, zauna, ba maganarki ba ce."

"Maganata ce mana. Ni na wanke shi da asuba. Na ɗauka Malam ne ya aiko, har ina cewa wannan karon ya cika allo." Ta gyara mayafi ta ƙara da cewa, "Ai kai ka shanye. Har ka ce ya fi na kullum ƙarfi."

Ban san wanda ya fara dariya ba, amma na ga Alhaji Seidu ya tura fuska cikin babbar riga kafaɗunsa na rawa. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "To amin ɗin da muka ce fa, a janye ko a bari?" Wuri ya kaure. Ni kuwa ina tsaye, makirufo a hannun dama, allo a hagu, na ji kamar in nutse cikin ƙasa.

Dariyar ta mutu ne lokacin da Hajiya Azumi ta miƙe. Ta tako a hankali ta karɓi allon daga hannuna, ta shafa shi daga sama har ƙasa. Ba ta dube ni ba, Razak ta duba.

"Ɗana, kai ne mai foto ko? An ce komai sai kun ɗauka. Nuna min."

Razak ya dube ni ya sunkuyar da kai. Mutumin da na gama kira munafuki ya ƙi tona ni, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Dole na buɗe baki da kaina.

"Hajiya, babu hoto. Ni na hana shi."

Ta sa yatsa a can ƙasan allon. "Ni ban iya karatu ba, Prof. Amma a nan akwai inda alƙalami ya zame. Ni na ture hannunsa ina yarinya, ya yi dariya bai goge ba. Nan nake dubawa in na yi kewarsa."

Ta naɗe allonta cikin zani ta rungume ta fita. Ba ta zage ni ba, ba ta ce Allah ya isa ba. Wallahi da ta mare ni a gaban jama'a da ya fi min sauƙi.

Na koma gida da niyyar in sauke wa Mma sauran fushina, ta tare ni tun daga ƙofa. "Wa yake ajiye allo a ɗakin uwarsa ya yi gum? Baki gare ka kamar rediyo, amma wannan ɗaya ka kasa faɗa." Na wuce ɗaki ina huci ni kaɗai.

Washegari na je Adidogome na ba Razak haƙuri a gaban kwastomominsa. Ya ce ya yafe, amma in ɗan tsaya. Ya zaro waya ya ce, "Pardon Prof, doka ce. Yanzu kai ne kayan tarihin." Na tsaya ya ɗauka, don ba ni da bakin musu.

Gidan Hajiya ne ya fi min wuyar zuwa, amma na je, kuma har yanzu ina zuwa duk Juma'a in durƙusa in gaishe ta. Tana amsawa ba yabo ba fallasa. In na tashi tafiya sai ta ce, "Ka hau zemijan a hankali, Prof. Abin da ya rage min na babana yana jikinka." Ban taɓa gane ko tsokana ce ko da gaske take ba, kuma ba ni da ƙarfin halin tambaya.

Yanzu dai ko tsohon cokali aka ba mu aro, sai Razak ya ɗauki hotonsa gaba da baya kafin in miƙa hannu, ya watsa inda ya ga dama, a yaba masa har a gaji. A gidan Mma kuwa, ko ruwan randa aka miƙo min sai na tambayi me aka wanke a ciki.