Bogar da Ta Ci Kwale-kwale

Wani ne a nan garinmu. Ba sai na faɗi sunansa ba, ko na ɓoye kafin in rufe baki kun gano shi. Ai kun san garin namu. Girmansa ya isa ka ɓata hanya, amma bai isa ka ɓuya ba.

Wannan bawan Allah ya je asibiti aka gwada shi. Likita ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Jininka ya hau. Daga yau ba kai ba boga, burodin nan mai nama a tsakiya, ba kai ba soyayyen dankali."

Mutumin ya ce, "To likita, maganar nan ta tsaya tsakaninmu."

Likita dai bai gaya wa kowa ba. Amma a wurin karɓar magani matar fasto ce a bayansa, tana miƙa wuya. Daga nan zuwa gidansa ba nisa, kuma babu cunkoso, wannan kam daɗin garinmu ne. Sai dai a nan labari ya fi mota gudu. Yana isa ya tarar da matarsa Darlene ta kwashe duk abin da ke da maiƙo a firji, maƙwabta kuma har sun fara kawo kwanukan dafaffen ganye suna yi masa sannu.

Darlene ta kama hannunsa ta kai shi bayan gida, inda yake ajiye kwale-kwalensa na kamun kifi. Wannan kwale-kwale kuwa shi ne ransa. Ya fi wanke shi a kan yadda yake wanke jikinsa.

Ta ce, "Maigida, ka ga wannan? Ranar da na ji ka ci boga, ranar yayana Wendell zai zo ya ja shi. Ka san ya daɗe yana zawarcinsa."

"Haba Darlene! Ni yaro ne?"

"Da yaro ne kai ai da sauƙi."

Aka shiga zaman ganye. Latas da safe, kabeji da rana, da yamma a haɗa su biyun a sa musu wani suna. Mutumin ya ci ganye har in ya wuce ta gonar masara shanu na binsa da kallon 'yan'uwantaka.

Ran nan haƙuri ya ƙare. Ya sulale ya shiga gidan abincin da ke bakin kasuwa, ya zauna can lungu. Lorraine mai raba abinci ta zo da fara'arta.

Ya rage murya ya ce, "Boga. Mai hawa biyu."

"An gama, mijin Darlene."

Jim kaɗan ta dire masa faranti. Latas ne, an ɗora masa yankan tumatir.

"Lorraine, ba wannan na ce ba."

"Na sani. Amma ni da Darlene muke waƙa a coci, a benci ɗaya. Ci, kyauta ne."

Ya cinye, har da godiya. Mu haka muke a garin nan. Ko takalminka aka taka, kai za ka fara ba da haƙuri.

Sai ya zauna ya ƙulla dabara. Akwai wani shagon boga can ƙarshen gari, bayan kamfanin taya, inda ake saye ta taga ba sai ka sauko daga mota ba. Ya tara 'yan canji daidai kuɗin boga ɗaya, don in ya biya da kati nan take wayar Darlene za ta yi ƙara. Ya ari tsohuwar motar maƙwabcinsa, ya ce tasa ba lafiya. Ya ja hula har gira, ya ƙwama baƙin tabarau. Ya dubi madubi ya ce ko uwar da ta haife shi sai ta tambaya.

Yana hawa titi, mai kai wasiƙu ya ɗaga masa hannu. Kafin ya tuna a ɓoye yake, nasa hannun ya riga ya tashi. Ɗan sanda ya ɗaga masa, ya mayar. Wata tsohuwa mai yawo da kare ta ɗaga, ya mayar har da hon. A garinmu in aka ɗaga maka hannu ba ka mayar ba, kafin la'asar an ce aurenka ya mutu.

Ya isa shagon ya tarar da layin motoci har titi. Ya bi. Da ya zo wurin lasifika sai ya shaƙe murya kamar mai mura.

"Boga mai hawa biyu, a zuba cuku da yawa."

Muryar wata mata ta ce, "To. Yaya jikin naka, mijin Darlene?"

"Ba shi ba ne."

"Allah sarki. To ka gaishe shi. Matso gaba."

Ya matsa taga, ya miƙa 'yan canjinsa. Matar ta ture hannunsa tana murmushi.

"An biya maka. Na gabanka ya biya."

"Wa?"

"Ai ba a faɗa. Tun safe ake yi, kowa na biya wa na bayansa. Ba wanda ya tsinke igiyar. Kai ma za ka biya wa na bayanka, ko?"

To, kun san dokar. A garin nan gara a ce kai ka saci ƙararrawar coci da a ce a kanka igiyar alheri ta tsinke. Har jikokinka sai an nuna su da baki.

Ya ce, "Me zai hana?" Ya leƙa madubi. Sai ya ga doguwar mota rawaya. 'Yan ƙwallon makarantar sakandare ne, sun dawo daga wasa, kowannensu kamar buhun masara, suna ta buga gilashi don yunwa.

Ya ce, "Su... su nawa ne?"

"Boga talatin suka ce, sai dankali. Kocinsu kuma biyu zai ci."

Ya dubi canjin hannunsa. Ya dubi matar. Matar na kallonsa, masu suya sun bar suya suna kallonsa. Gumi ya karyo masa ta ƙarƙashin hula. Ya zaro kati. Injin ya yi ƙit. A zuciyarsa har ya ji ƙarar wayar Darlene daga ɗaya ƙarshen gari.

Ya ce a ransa, tunda an riga an jiƙe, ai sai a yi wanka. Ya karɓi ledarsa, ƙamshi ya cika motar, har ƙwalla ta zo masa. Ya gangara inuwar wata bishiya ya tsaya. Ya buɗe takarda. Ya buɗe baki.

Sai aka ƙwanƙwasa gilashi.

'Yan gidan talabijin ɗin garinmu ne. Kun san su, tun da saniyar nan ta tsere ta shiga banki ba su sake samun labari ba. Mai rahoton ta cusa masa makirfo ta taga.

"Jama'a, ga gwarzon da ya ciyar da 'yan ƙwallonmu gaba ɗaya! Malam, cire tabarau mutane su gan ka. Kai! Ashe mijin Darlene ne! Kai tsaye muke, gaida mutanen gida."

Ya ɗaga wa kyamara hannu. Da bogar a hannun.

"Wannan taka ce?"

"Wa? Ni? A'a! Ni da aka hana? Wani... wani bawan Allah mai jin yunwa zan kai wa."

"Kun ji halin girma! To ai ga Merle mai ɗaukar hoto, tun safe bai karya ba."

Merle ya miƙo hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da kyamara. Cizo huɗu ya yi mata. Mutumin na kallo, maƙogwaronsa na hawa yana sauka. Da Merle ya gama ya ce, "Cukun ya ɗan yi yawa." Mutumin ya ba shi haƙuri.

Ya juya gida cikinsa na kuka. Duk wanda ya wuce sai ya tafa masa. Yana shan kwanar layinsu ya hango a-kori-kurar Wendell a ƙofar gida, ana ta ƙoƙarin ɗaura mata kwale-kwale a baya. Darlene na tsaye da waya a hannu.

Ya fito da gudu ko mota bai kashe ba.

"Darlene! Tsaya! Wallahi ban ci ba!"

"Boga talatin da biyu, Maigida. Ga shi a waya."

"Na yaran makaranta ne!"

"Wadda na gani a hannunka a talabijin fa? Har kana gaishe ni da ita?"

"Merle ya cinye! Ko lasa ban yi ba! Yaya Wendell, sa baki mana!"

Wendell ya ce, "Ni dai ƙugiyar nan ce ta ƙi zama. Suruki, ɗan danna min nan."

Ya danna masa. Ƙugiya ta zauna daram.

Ya koma wurin matarsa ya buɗe baki. "Shinshina ki ji! In kin ji ƙamshin nama, a tafi da shi. Cewa kika yi in na ci. Ban ci ba!"

Darlene ta matso ta shinshina. Kabejin rana ne kawai. Ta ɗago ta kalle shi.

"Da gaske ba ka ci ba."

"Ko ɗaya!"

"Ka ari mota, ka sa tabarau, ka ƙetare gari, ka sayi boga talatin da biyu, ka dawo da yunwa?"

"Ƙwarai kuwa!" in ji shi, har da dukan ƙirji.

Ta juya ta ce, "Yaya Wendell, ja mu gani. Irin wannan ai ba a barinsa shi kaɗai a kan ruwa."