Rasuwar Nani, Mai Riƙon Littafin Mofizul Bhai

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, Rokshana Parvin, a madadin 'yan sa-kai goma sha ɗaya masu kula da manhajar gargaɗin ambaliya a garin Rajshahi, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tsohuwar kwamfutarsu, wadda kowa ya sani da Nani, wato Kaka. Ta cika ranar Talatar makon jiya da misalin ƙarfe biyu na rana, a ƙarƙashin teburin da ta zauna shekara goma sha uku, bayan jinyar da kowa ya ji da kunnensa amma babu wanda ya duƙa ya duba.

Marigayiyar mai haƙuri ce. An ɗora mata kofin shayi a ka, an jingina mata ƙafa, an zubar mata da ɓawon gyaɗa a hanci, ba ta taɓa kai ƙara ba. Iyakar maganarta "firrr" idan an tashe ta da safe, sai ɗan tari idan an ba ta aikin da ya fi ƙarfinta. Kuma mai riƙon amana ce, wanda shi ne ya jawo wannan dogon kuka.

Ita manhajar tana nan lafiya a intanet, kowa na iya ɗauka ya karanta ya gyara kyauta. Abin da ke cikin Nani shi ne littafin da ke bayyana ta. Mofizul Bhai, wato Yaya Mofizul, wanda ya tsara lissafin da ke gaya wa mutanen tsibiran kogin Padma ranar da ruwa zai iso ƙofarsu, bai taɓa rubuta dalilin lamba ko ɗaya ba. Wata bakwai Rokshana ta yi tana binsa kamar jela.

"Bhai, wannan bakwai ɗin daga ina ta fito?"

"Ke Rokshana, kin fi ɗan sanda tambaya. To rubuta. Shekarar da gaɓar yamma ta zube ne na auna."

Haka ta tatso shafi ɗari da tara daga bakinsa, tana bugawa a cikin Nani. A watan Janairu shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ta tafi da maganarsa da hannunsa na dama.

Masu ta'aziyya za su tambayi abin da ya hana a sa littafin a intanet tun tuni. Dokar gidan ce: ba a fitar da rubutu sai mutum biyu sun duba sun amince. Su kuma masu dubawar suka ce a fara gama tsarin littafin tukuna. Aka yi zama goma sha huɗu. Wani ya ce a fara da Bangla, harshen gida, wani ya ce Turanci saboda 'yan sa-kan ƙasashen waje. Aka raba babi, aka sake rabawa, aka kafa kwamitin da zai tsara yadda za a tsara. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma wannan miyar ba a kai ga ɗora ta a wuta ba.

Ciwon ajali ya fara ne da zafin Afrilu, lokacin da wuta ke ɗaukewa sau biyar a yini. Cikinta ya riƙa cewa "ƙas, ƙas, ƙas", kowa ya ce tsufa ne. Ranar Talata ta yi "fiii" sau ɗaya, ta yi shiru. Rokshana ta juya wajen Tanmoy, wanda aka damƙa wa ajiyar kwafi, mai kiranta Apa, wato Yaya.

"Akwai kwafi dai ko?"

"Haba Apa! Kullum da safe sai ta kwafi komai da kanta, ni na shirya mata."

"Tana ajiyewa a ina?"

Tanmoy ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. A cikin cikinta take ajiyewa. Bayanin yadda ake farfaɗo da ita kuwa shi ma an rubuta shi tsaf, har da hotuna, yana babi na tara na littafin. Jhontu Mistri mai gyara ya ciro ma'ajiyarta, ya girgiza a kusa da kunnensa, ya miƙo da hannu biyu ya ce, "Apa, ni mai gyara ne, ba na ta da matattu."

Marigayiyar ta bar allon bugu mai haruffa uku a goge, da batir mai riƙe wuta minti huɗu, da jadawalin babi-babi da ke manne a bango, kowane babi da sunan mai dubawa. Ta bar Tanmoy, wanda ya daina cin abincin rana a ofis. Ta kuma bar Rokshana, wadda ta zauna da takarda kwana uku tana ƙoƙarin tunawa, ta samu shafi shida, biyu daga ciki ba ta yarda da su ba. Tsoro take ji, kuma ba ta ɓoye ba. Kogi ya sauya hanya a bana, dole a gyara lambobin kafin damina, saura mako shida, kuma babu wanda ya san wadda za a taɓa ba tare da an yi wa mutanen tsibiri ƙarya ba.

Za a ɗauki gawar a keken kaya ranar Alhamis bayan la'asar zuwa wajen mai sayen tsoffin ƙarafa. Ba a buƙatar fure, ba a kuma buƙatar shawarar da ta fara da "ai da kun". Zaman makoki zai kasance a gidan Mofizul Bhai daga ranar Juma'a. An buga lissafin a takarda, layi dubu huɗu. Rokshana za ta karanta masa layi ɗaya, ta faɗi abin da take zato, shi kuma ya ɗaga hannun hagu idan daidai ne. Likita ya yarda da rabin awa a rana. Jiya an gwada, an yi layi goma sha biyu kafin barci ya ɗauke shi.