Ranar da na shafa wa Duna baƙin tukunya

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na zauna a ƙofar madafa ina yi wa kare kwalliya ba. Ni da furfurata da jikokina, na kama haɓar kare da hannun hagu, ina shafa masa baƙin tukunya da na dama. Har yau in na tuna sai in ja mayafi in rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Sunan karen Duna. Na marigayi maigidana ne, Allah ya jiƙansa. Malam manomin garka ne a bakin tafkin Madarumfa, albasa da tumatir da barkono, kuma a garkar nan Duna ya tashi tun yana ɗan kwikwiyo. A lokacin ko kallonsa ba na yi. In ya biyo Malam gida, da muciya nake raka shi waje. (A rubuta wannan ma, kada a ce na yi wa kaina ado.)

Da Malam ya rasu, ƴaƴana suka sayar da garkar tun ban fita takaba ba. Suka ce babu mai noma ta, kowa da harkarsa. Duna ya zo ya kwanta a zaurenmu, ba wanda ya kira shi. Na kore shi, ya dawo. Na sake korarsa, ya dawo. Wata rana na watsa masa ƙanzo don kawai ya daina kallona, shi ke nan na ja wa kaina. Masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, gida ya yi tsit, ya rage daga ni sai shi. In na idar da magariba sai in zauna nesa da shi kaɗan ina ba shi labarin yini: wance ta haihu, gero ya yi tsada, ƙafata ta sake kumbura. Abin da na saba faɗa wa maigidana ke nan. Ban san ranar da bakina ya fara ce masa "Malam" ba. Tunda babu mai ji, sai na bar bakin ya yi abinsa.

Haka muka tsufa tare. Karen da aka sa wa suna Duna saboda baƙinsa, bakinsa da girarsa suka yi fari fat. Idanunsa suka koma kamar an ɗiga musu nono. Haƙora suka zube, sai na jiƙa masa tuwo da ruwa. Haushinsa kuwa ya zama tari.

Sai babban ɗana ya zo daga Ɗan Issa, inda yake fataucin kaya. (Ɗan fari ne, ba na kama sunansa, Alhaji nake ce masa.) Ya zauna a kan tabarma yana kallon bangon da damina ta cinye, ya ce, "Inna, bayan kaka za ki koma wurina. Mutane suna magana. Na gyara miki ɗaki, har karo, wato tayil, na sa a ƙasa."

Na ce, "To Duna fa?"

"Wa?"

Na nuna zaure. Ya yi dariya, ya ce, "Haba Inna. Gidan da liman ke zuwa cin abinci? Yaran mota za su ɗauke shi su sake shi a daji, can bayan Safo."

"Ba ya gani, Alhaji."

"To ai an huta, ba zai ga hanyar dawowa ba."

Ni na haife shi, na san in ya yi irin wannan dariyar ya gama magana.

Na shiga neman inda zan ajiye kare kafin a gama kaka. Na aika wa mafarauta, suka ce su ma nasu tsofaffin sun ishe su. Na bi masu garka, wani ya ce mini, "Gwaggo, wanga ai sai dai ni in yi gadinsa." Ana nan sai maƙwabciyata Hajo ta ce ta ji Mushe Isufu yana neman kare, awaki suna shiga suna ture masa tukwanen shuka.

Mushe Isufu shi ne wanda ya sayi garkarmu. (Mushe, daga Faransanci, shi muke ce wa ma'aikacin gwamnati a nan.) Tsohon ma'aikacin gandun daji ne, da ya ajiye aiki ya zo ya tone kunyoyin albasar Malam ya shuka ƙaya. Ƙaya fa, ba wani abu ba. Mutanen gari suka ce ya zautu, amma ga motoci daga Maradi ana zuwa kallo, har a saya a tafi da ita gida. Ni dai tun da aka sayar da wurin ko hanyar ban sake bi ba.

To amma wa zai karɓi mai gadi da furfura? Nan ne na tuna mahaifina. Dillalin jakai ne, kuma ina ƙarama na sha ganin yadda yake yi wa tsohon jaki ranar kasuwa: a wanke shi, a shafa masa mai, inda gashi ya yi fari a bi da baƙin tukunya, sai ka ga jaki ya koma saurayi har zuwa la'asar. Na ce abin da ya yi wa jaki zai yi wa kare.

Na kankare gindin tukunyar tuwo, na kwaɓa da man gyaɗa a gwangwanin tumatir, na bi bakin Duna da girarsa. Wallahi ya yi kyau. Na ja baya na dube shi, har na ji ƙwalla, don haka yake sak ranar da Malam ya yi noman ƙarshe. Abin da ban lissafa ba shi ne, jaki ba ya lasar man gyaɗa, kare kuwa yana lasa. Kafin mu kai injin niƙa ya cinye rabin kuruciyarsa. Na ja shi bayan wata katanga na ƙara masa. Na sake ƙarawa a kusa da masu sayar da kifi. Wata mata ta tsaya tana kallona, na ce magani ne.

Muka iso. An kewaye wurin da waya, an sa ƙofar ƙarfe. Da na shiga sai na rasa inda nake. Inda muke shanya albasa an tara tsakuwa. Ga tinya da ƙerana da aguwa, waɗanda mu a shinge muka san su, an jera su an kewaye da fararen duwatsu kamar manyan baƙi. Ga kariya da jan furenta, ga kabar giwa. Sai wasu na ƙasashen waje da ban taɓa gani ba: wani kamar an kife ƙwarya an soka mata allurai, wani dogo ya ɗaga hannu biyu sama, wani kuma faifai a kan faifai, kowanne da ƙananan ƙayoyi. Kowane da ɗan allonsa da rubutu. Maigidana ya ciyar da gida daga ƙasar nan har ya mutu, ko sanda ba a kafa masa ba, amma ƙaya ta sami allo.

Rashin sa'a, ranar akwai baƙi. Wani Alhaji daga Maradi da matansa da ƴanmatansa, kowace da salula a hannu, ana ɗaukar ƙaya hoto. Na so in koma, Mushe Isufu ya riga ya hango ni. Ya taho da hularsa ta malafa, ya rusuna ya gaishe ni, don ya san ni.

"Inna, yau ke ce a garka? Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Mushe. Na ji kana neman kare."

Ya dubi Duna, ya ɗan daɗe yana dubansa. Ya ce, "Wannan ba karen marigayi ba ne?"

Na ce, "Ɗansa ne." (Allah na tuba. Ban ma shirya wannan ƙaryar ba, ita ta fito da kanta.)

"Ikon Allah. Yana da zafi?"

"Sai da igiya nake fita da shi. Akuya in ta gan shi ba ta ƙara dawowa."

Ina cikin faɗar haka wata akuya ta zuro kai ta ƙarƙashin waya, kusa da mu har ina jin warinta. Duna bai ko juya ba. Hancinsa yana sama, yana rawa, yana shaƙar iska. Na ga kunnuwansa sun miƙe. Kafin in ankara ya fizge igiya daga hannuna ya zura da gudu. Karen da sai na ɗaga masa ƙugu yake tashi da safe, shi ne yake gudu.

Na san inda ya nufa. A zamanin Malam akwai ƴar hanya daga ƙofa kai tsaye zuwa rijiya, inda yake shimfiɗa buhu ya zauna. Duna ba ya gani, hanyar da ke cikin kansa ya bi. Ita kuwa hanyar babu ita. A tsakiyarta Mushe ya shuka wannan mai kama da faifai, ta yi girma ta kai ƙugun mutum. Da fuska ya shige ta.

Kukan da ya yi ba zan iya kwatanta shi ba. Ni ma ban san na iya gudu ba sai ranar. Na zube a kan tsakuwa, na jawo shi, na ɗora kansa a cinyata, a gaban Alhajin Maradi da iyalinsa. Bakin kare fa, a kan zanen da nake salla da shi. Ƙayoyi sun cika masa hanci da leɓe da fatar ido. Ina cira da yatsu, suna shiga nawa yatsun, ina kuka, sai na ji bakina yana cewa, "Sannu Malam. Sannu. Mi ya kai ka? Ba ka san sun canza wurin ba?"

Sai wata cikin ƴanmatan ta ce, "Malam ne sunansa?" Wata ta toshe baki da gyale. Alhajin ya ja da baya yana tattare babbar rigarsa, ya ce, "Subhanallahi. Baiwar Allah, da girmanki?"

Mushe Isufu bai yi dariya ba. Ya je ya kawo hantsaki da bokitin ruwa daga rijiya, ya durƙusa, ya ce in riƙe masa kan. Yana cire ƙaya yana zuba ruwa don ya ga wurin da kyau. Ruwan da ke sauka baƙi ƙirin. Ya ƙara zubawa, ya murza da tsumma. Baƙi ya bi ruwa, furfura ta fito fes, gira da baki da haɓa. Mushe ya shinshina tsumman, ya dube ni.

"Man gyaɗa?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Inna, ɗan nan ya yi saurin kamo ubansa."

Nan fa matan suka kasa riƙewa. Har Alhajin sai da ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa ina ta share hawaye da hannu, ban san hannun duk baƙin tukunya ne ba. Salulolin da aka zo ɗaukar ƙaya da su suka juyo kaina.

Da baƙin suka tafi na faɗa wa Mushe gaskiya, da maganar Ɗan Issa da maganar dajin Safo. Ya ci gaba da wanke hantsakinsa. Can ya ce, "Da kin faɗa mini tun a ƙofa. Ki bar shi nan. Gadi dai ba zai yi ba, amma ya riga ni zama a wurin nan. Tuwo ba zai gagara ba."

Ya kama igiyar ya kewaya da shi ta bayan ƙayoyin har gindin rijiya. Duna ya shinshina ƙasa, ya juya sau ɗaya, ya kwanta ya ɗora kai a kan ƙafafunsa, ya saki wani dogon numfashi. Na tsaya na ce, "Duna, na tafi." Bai motsa ba. Na kai ƙofa na sake kira. Na san yana ji, kunnensa lafiya lau yake. Ko jela bai kaɗa mini ba.

Wannan ya fi dariyar matan Maradi ciwo. Duk shekarun nan ina tsammanin domina yake zaune a zaure. Ashe jira yake a buɗe masa ƙofar garka, ni kuwa mai jiƙa tuwo ce kafin lokacin ya yi.

Haka na ratsa gari ni kaɗai, ina amsa gaisuwa, ina mamakin yadda kowa ke kallona. Sai da na isa gida Hajo ta miƙo mini madubi. Fuska kamar wadda ta kwana a murhu. Kafin sati hoton ya kai Ɗan Issa, Alhaji bai ma jira kaka ba ya turo mota.

Yanzu ina nan a ɗaki mai karo, sanyinsa yana shiga mini ƙashi. Direbobin da ke zuwa daga Madarumfa sun ce Duna yana nan gindin rijiya, har ya yi ƙiba. Na ce Alhamdu lillahi, kuma na ji haushi, duka biyun. Bayan magariba nakan buɗe baki in ba da labarin yini, sai in tuna akwai yara a ƙofa, in mai da shi tasbihi.

Abin da na koya kaɗan ne. In za ka kai tsoho inda za a riƙe shi, kai shi da furfurarsa, mai karɓa zai karɓa. In kuwa ka ƙi ji sai ka yi masa baƙi, to kada ka kwaɓa da abin da zai lashe.